Matamaye: Ina Muka Kai Waƙar Niƙa Da Allurar Hula?

Masu iya magana kan ce sana'a goma maganin mai gasa. To amma a yau idan ka tambayi ɗan kasuwa ko mai sayar da ƙuli-ƙuli a Matamaye yaushe rabon da ya riƙe allura, ko ta saƙa faifai, amsar guda ce: "Ina lokaci?" Gaskiya ne kasuwa ta yi zafi. Garin Matamaye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto da Kongolam ta shiga Daura da Kano, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa aljihunmu. Mun ga rufewar da Nijeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga wadda ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Ga faɗuwar darajar naira a gaban sefa. Wanda yake lissafin kuɗi iri biyu a kansa tun asuba, ba abin mamaki ba ne ya ce ba shi da sukunin waƙa.

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu, shin iyayenmu sun fi mu hutu ne? Ko kusa. Uwar da ta haife mu ita ke jan ruwa a rijiya, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa gaban dutsen niƙa kafin gari ya waye. Duk da haka a bakinta muka ji waƙar niƙa, a hannunta muka ga lugude, inda mata biyu ko uku za su kewaye turmi suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo. Dabararsu ita ce sun cusa wasa a cikin aikin kansa. Haka nan maza, mai tireda yana jiran ciniki yana ɗinkin hula, manomi da rani yana ƙarƙashin gawo yana tufkar igiya ko saƙar tabarmar kaba.

Da injin niƙa ya shigo gari, ya ɗauke wa mata wahala mai yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma kan dutse. Amma waƙar ta tafi tare da dutsen, lokacin da injin ya rage mana kuwa wayar salula ta zo ta kwashe. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata ya yi shiru, tatsuniyar dare ta koma kallon fim da WhatsApp da TikTok. Mun zama masu kallon fasahar wasu, tamu tana kwance.

Wani zai ce to sai me, ai waƙa ba ta cika tukunya. Asarar kuwa ta kai kashi uku. Ta farko ita ce ta bakin magana. A waƙar niƙa ne mace ke amayar da abin da ke cinta, ta yi wa kishiya habaici, ta yi wa maigida hannunka-mai-sanda, ta tuna da iyayenta da ke nesa, ba tare da an yi faɗa ba. Zuciyar da ba ta da mafita ita ke kwana da damuwa. A shekarar 2019 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000, wanda ya nuna cewa waƙa da rawa da zane da aikin hannu suna taimakawa wajen rage damuwa da kyautata lafiya. Abin da kakanninmu suka sani a gaban turmi shi likitoci suka tabbatar a takarda.

Ta biyu ita ce ta aljihu. Faifai da tabarma da hula da zanen ƙwarya da ƙunshin amare duk kuɗi ne, kuma jarinsu kaɗan ne: kaba, zare, allura, lalle. A wannan yanki namu mai yawan jama'a da ƙarancin gona, rani yana da tsawo, shi ne kuma lokacin da mata da yara ke kama hanyar Agadas zuwa Aljeriya. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga wannan yanki na Kance. Babu mai cewa saƙar faifai kaɗai za ta tsayar da wannan tafiya, domin maganinta na hannun hukuma ne da na al'umma baki ɗaya. Amma hannun da ya iya wani abu yana da abin dogaro idan kasuwa ta tsaya cik.

Ta uku ita ce ta 'ya'yanmu. Yaron da bai taɓa jin labarin Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa ba, bai iya kacici-kacici ko karin magana ba, ya tashi da guntun harshe. Ga shi kuwa a shekarar 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan gida bai ba yaro zaƙin harshen ba, lakwal kaɗai ba za ta iya ba.

Kada kuma mu ɗauka cewa fasaha ta masu hutu ce. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da tallan goro da alewa ya fara yawon kasuwanni kafin duniya ta san muryarsa. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna a kiɗan amada, kuma a waƙoƙinta ta yi kira ga mata su kama sana'a. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta shiga karatun manya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, littafin da aka fassara zuwa Turanci a 2012. Kafin su duka, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta na 'Yan Taru. Ko barkwancin da Bafulatani da Babarbare ke yi a bakin rumfa, hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya tun 2014.

To ina lokacin yake? Yana nan a cikin yininmu. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa kan yi sanyi, nan hula ko faifai za su iya fitowa daga ƙarƙashin tebur. Jiran mota ta cika a tasha, ko jiran a gama duba kaya a Ɗan Barto, awa ce da ake zubarwa a banza. Matan da ke taron adashi ko na asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, za su iya ƙara rabin awa bayan an rufe akwati, wadda ta iya saƙa ko zanen lalle ta koya wa saura. Da dare kuma, bayan isha'i, a kife waya na ɗan lokaci a ba yara tatsuniya ɗaya. Ita ma wayar za ta iya zama mai amfani: a ɗauki muryar tsohuwar da ta rage a gida tana rera waƙar daka, a ɗauki hoton faifan da aka gama a tura wa masu saye a Damagaram ko Kano.

Abin lura kawai shi ne kada allura ta sa a bar mai ciniki a tsaye, kada kuma wasa ya ci lokacin salla. Alhaji, idan ka ga Hajiya ta ɗauko kaba da rini, ka ƙara mata kuɗin zare maimakon ka ce aikin banza ne. Hajiya, idan 'yarki ta zauna kusa da ke tana kallon hannunki, ki miƙa mata allurar. Tsofaffin da suka iya waɗannan abubuwa suna ta raguwa a cikinmu, kowace ta tafi kuma da nata take tafiya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya sa mu dace.