Alkol a cikin shago: amfaninsa da haɗarinsa

Ƴan kasuwa, maza da mata, yau mun ɗauko zancen wata haja da muke juyawa kullum ba tare da mun san ta sosai ba, wato alkol, wanda masana ke kira etanol. Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, da wuya a rasa shi a teburin mai turare, ko shagon mai aski, ko farmasi.

Shi alkol ruwa ne garai-garai mai saurin bin iska. Ana samun sa idan yis ya ci sukarin rake, masara ko rogo, sannan a dafa a tara tururin. Amurka da Birazil su ne kan gaba wajen sarrafa shi, har ma Birazil ta buɗe babban shirin zuba shi a motoci tun 1975. Shi ne kuma yake sa maye a cikin giya, amma mu zancen sana'a ya kawo mu.

A wurinmu aikinsa biyu ne manya. Yana narkar da man turare ya baza ƙamshinsa, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ake goge fata da shi kafin allura, kuma shi ne jigon jel ɗin goge hannu da ya cika kasuwa a 2020, lokacin korona.

Masu saye da yawa suna neman mai lamba 90, a zatonsu ya fi ƙarfi. To, wajen kashe ƙwayoyin cuta mai lamba 70 ya fi shi, domin ruwan da ke ciki yana hana shi bushewa da wuri, sai ya samu lokacin ratsa ƙwayar. Amma idan alkol ɗin ya gaza kashi 60 cikin 100, aikinsa ya raunana. Ke nan duk wanda ya ƙara wa jel ruwa don riba, ya cuci mai saye. Kada kuma a tsiyaya shi cikin buɗaɗɗen rauni ko ƙuna, ruwa mai tsabta da sabulu sun fi. Mai aski ma ya sani, goge reza da alkol bai kai sabuwar reza ba.

Haɗari na farko wuta ce. Tururin alkol zalla yana kamawa tun daga zafin digiri 13, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Harshen wutarsa shuɗi ne, da rana da ƙyar ido ke ganin sa. Sai a toshe kwalba sosai, a ajiye ta a inuwa, nesa da murhun mai ƙosai da mai shayi. Uwargida, idan kin shafa jel, ki bari hannu ya bushe kafin ki kunna gaz.

Haɗari na biyu shi ne metanol, ɗan'uwansa mai guba da ake aikin masana'antu da shi. Ido da hanci ba sa raba su. Ƙaramin cokali biyu na iya makantar da mutum, kuma yana shiga jiki ta fata. A Iran, cikin 2020, mutane fiye da 700 suka mutu bayan sun sha shi, saboda jita-jitar cewa alkol yana maganin korona. A shekarar ce kuma hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan jel iri-iri da aka samu metanol a ciki.

Don haka mu guji sarin bido marar takarda, komai arhar sa, tunda araha ba ta ado. Kada mu juye alkol cikin gorar ruwan sha, yaro ba ya bambancewa. Wanda ya sha bisa kuskure a kai shi likita nan take, ko da ya ce ba ya jin komai, domin gubar metanol takan kwana ba ta nuna kanta ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.