BABI NA UKU: AHMAD SANI YARIMAN BAKURA DA SIYASAR NOMA A YAMMACIN ZAMFARA

3.1 Asalinsa da Aikinsa Kafin Siyasa

An haifi Alhaji Ahmad Rufa'i Sani a garin Anka a shekarar 1960, ko da yake da sarautarsa ta Yariman Bakura aka fi saninsa. Anka kuwa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi, domin nan ne mazaunin Sarkin Zamfara, wato inda zuriyar sarakunan Zamfarawa suka tare bayan Gobirawa sun ci babban birninsu a ƙarni na 18. Ya karanta ilimin tattalin arziki a Jami'ar Sakkwato, sannan ya yi digiri na biyu a Jami'ar Bayero ta Kano. Ya yi aiki a gwamnatin tsohuwar Jihar Sakkwato, musamman ɓangaren tsare-tsare da kasafin kuɗi, ya kuma taɓa aiki a Babban Bankin Nijeriya. Da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai ya komo sabuwar jihar, ya kai matsayin babban sakatare, kafin ya ajiye aiki a 1998 ya shiga jam'iyyar APP.

Ke nan ba daga gona ya fito ba, daga ofis ya fito. Abin da ya sa wannan babi ya haɗa sunansa da noma shi ne, a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum babu ɗan siyasar da zai kai labari sai da goyon bayan manomi, kuma Yarima ya fahimci wannan fiye da abokan takararsa.

3.2 Manomi da Ƙuri'a

Yawancin mutanen wannan yanki da damina suka dogara. Ana noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga a tudu, ana kuma noma shinkafa da kayan lambu a fadamun Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka ya wuce ta Gummi. Matsalar ƙaramin manomi ba ta sauyawa: a lokacin da ruwan shuka ya sauka rumbunsa ya kusa ƙarewa, ba shi da kuɗin taki, sai ya ci bashi wurin ɗan kasuwa a kan zai biya da hatsi da kaka, sa'ad da farashi ya faɗi. Duk wanda ya kawo masa taki a kan kari, ya taimake shi a ranar da ya fi bukata, kuma ba ya mantawa.

Haka nan akwai tsohon tabo tsakanin manomin yammacin Zamfara da hukuma. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya ci, a ƙasar Talata Mafara da Maradun, aka yi asarar rayuka da yawa. Wannan ya sa talakan yankin ya daɗe yana kallon babban aikin gwamnati da idon zargi.

A kan wannan ƙasa Yarima ya ci zaɓen gwamna a Janairun 1999, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, ya sake ci a 2003 a ƙarƙashin ANPP. Fitaccen shirinsa na noma shi ne ZACAREP, wanda aka tsara domin bai wa manoma taki da iri da maganin ƙwari a bisa rance ta hannun ƙungiyoyinsu, tare da malaman gona masu bi ƙauye-ƙauye. A ra'ayin mai wannan nazari, amfanin shirin a fili yake, domin ya rage wa manomi zuwa wurin mai bashi da ruwa. Sai dai rauninsa ma a fili yake. Takin da ya bi ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa da wuya a ɗauke shi a matsayin rance, ana ɗaukarsa ne ladan ƙuri'a. In kuwa ba a biya ba, asusun ba zai juya ba, sai dai kowace shekara a koma ga kason da ke zuwa daga Abuja.

3.3 Shari'a ta Fuskar Manomi

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Yarima ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, daga baya wasu jihohin Arewa goma sha ɗaya suka bi sahu. Abin da ya shafi wannan babi shi ne inda shari'ar ta taɓa gona da garke. Hukuncin yanke hannu na farko da aka zartar, a watan Maris na 2000, a kan satar saniya aka yi shi, ga wani mutumin Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. Mutanen birni da 'yan jaridar ƙasashen waje sun yi ta muhawara a kan haƙƙin ɗan Adam, amma a ƙauye an fi kallon abin ta fuskar mai shanun huɗa, wanda in aka sace masa sa guda ya rasa damina guda. Bugu da ƙari, an kafa hukumar zakka da waƙafi, wadda ke karɓar zakkar amfanin gona, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga noman ban-ruwa, idan ya kai nisabi. Da ma manomi ya saba fitar da zakka, sabon abu shi ne shigar hukuma tsakaninsa da mai karɓa.

3.4 Majalisar Dattawa da Abin da Ya Sami Gona

A 2007 mataimakinsa Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaje shi, shi kuma ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Zamfara ta Yamma, mazaɓar da ta ƙunshi Anka da Bakura da Bukkuyum da Gummi da Maradun da Talata Mafara. Ya riƙe kujerar har 2019. A cikin waɗannan shekaru goma sha biyu abubuwa biyu suka auka wa manomin yankin, waɗanda babu buhun takin da zai magance su.

Na farko shi ne gubar dalma ta 2010. Da farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, matasa da yawa suka bar fartanya suka koma haƙa. Ana kawo dutsen cikin gida, a daka shi ko a niƙa a inji, ƙurar ta zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da Yargalma a Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka mutu, kuma likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da hukuma.

Na biyu shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya yi ƙamari daga 2011. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai cinye burtali da makiyaya da gonaki suka yi, da satar shanu, da kisan gilla tsakanin 'yan sa-kai da Fulani. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar, ya ƙiyasta cewa fiye da mutum 6,000 aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019. A Janairun 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum; gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna wurin suka ce sun kai 200. A wurare da dama sai da manomi ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya kwashe amfaninsa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum ɗaya alhakin wannan, tunda gwamnoni da yawa sun zo bayansa, tsaro kuma yana hannun Tarayya. Amma mai nazari yana ganin cewa siyasar rabon kayan damina, wadda Yarima ya ƙware a kanta kuma magadansa suka ci gaba da ita, ba ta mai da hankali ga shata iyakar gona da burtali ba, ko yi wa filaye rajista, alhali nan ne rikicin ya tsiro. Shi kansa Yarima, bayan ya nemi takarar shugaban ƙasa a APC a 2022 bai samu ba, ya fito a 2023 yana kira da a yi sulhu da 'yan bindiga, ra'ayin da Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a wannan shekara, ya ce gwamnatinsa ba za ta bi ba.