Yadda 'yan sa-kai ke auna gaɓar teku da wayar salula

Teku na cin ƙasa sannu a hankali, ido ba ya lura sai ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa masana a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya suka ƙirƙiro shirin CoastSnap a 2017. Ana kafa mariƙin waya na ƙarfe a wurin da ke hango gaɓa. Mai wucewa sai ya ɗora wayarsa, ya ɗauki hoto, ya aika. Da yake daga wuri ɗaya ake ɗaukar hotunan, masana kan jera su, su ga ko yashi ya ƙaru ko ruwa ya matso. A Lome da Kwatano, inda teku ke cinye gidaje, irin wannan awo zai nuna inda gini ke da haɗari.