BABI NA HUƊU: JERIN ABINCIN LIYAFAR DARE A LOKACIN BAZARA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren abincin Hausawa na yau da kullum. A wannan babi kuwa za a dubi abincin da akan shirya wa baƙi na musamman da dare a lokacin bazara, wato daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Kano da Maraɗi. Irin wannan liyafa takan taso idan surukai suka zo, ko aka yi saukar karatu, ko kuma aka gayyaci mutane buɗa-baki a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya faru daga 2021 zuwa 2024.

Akwai masu ganin cewa jera abinci kashi-kashi, a ci wannan a ɗauke a kawo wancan, al'ada ce ta Turawa wadda Bahaushe bai san ta ba. Wannan magana tana da gyara. Su kansu Turawan sai a ƙarni na 19 wannan tsari ya bazu a manyan gidajen Faransa da Ingila, kafin nan a tashi ɗaya suke jibge yawancin abinci a kan tebur. Shi kuwa Bahaushe, ko da an shigo da kwanuka gaba ɗaya an jera su a gaban baƙo, kowa ya san wanda ake fara buɗewa da wanda ake bari sai ƙarshe. Ba a taɓa miƙa wa baƙo tuwo kafin ruwa, ba a kuma ba shi goro sai ya wanke hannu. Wannan tsari shi za a bi a nan, kuma an auna kayan haɗin ne bisa abin da zai ishi mutum 10. Sai dai a lura cewa mudu yakan bambanta daga gari zuwa gari.

4.1 Abin Sha na Maraba

Da zarar baƙo ya zauna akan kawo masa ruwan randa, sa'annan a biyo da zoɓo ko kunun aya.

Yadda ake haɗa zoɓo shi ne, a sami busasshen soɓorodo ja kimanin rabin mudu, a ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu domin a rabu da ƙasa, amma kada a bar shi ya jiƙa, saboda launinsa zai bi ruwan wankin. Daga nan sai a zuba shi a tukunya da ruwa lita 5, a sa dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan da ɓawon abarba da aka wanke, a bar shi ya tafasa na kamar minti 20. Sai a sauke a tace, a sa sukari tun da sauran ɗumi. Wasu matan sukan ɗiga ruwan kanwa don a kashe tsami. Wannan yana rage yawan sukarin da za a sa, amma yana dusashe jan zoɓon ya koma baƙi-baƙi, ga shi kuma tsamin nan shi ne yake yanke ƙishirwa. Saboda haka a zoɓon bazara barin kanwar ya fi.

Kunun aya ya fi zoɓo daraja a idon baƙo, ya kuma fi shi wuyar sha'ani. Akan jiƙa busasshiyar aya mudu 1 ta kwana, a surfa ta a wanke, a rege tsakuwa, sa'annan a markaɗa ta da dabino da kwakwa da ɗan citta, a tace da ƙyalle mai laushi. Matsalarsa ita ce ba ya jure zafi. Kunun da aka tace da hantsi aka ajiye a ɗaki, kafin magariba ya yi tsami ya soma yauƙi. Don haka ba a markaɗa aya sai bayan la'asar, in dai ba akwai firji da tabbacin wutar lantarki ba.

Batun sanyaya abin sha yana buƙatar ɗan ƙarin bayani. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda yumɓu yana tsattsafo da danshi ta jikinsa, iska kuma tana busar da danshin ta tafi da zafi. Iskar farkon bazara busasshiya ce, shi ya sa randa ta fi yin sanyi a Maris da Afrilu a kan lokacin da hadari ya soma haɗuwa iska ta yi nauyi. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya faɗaɗa, inda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi domin adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Uwargidan da ta tsoma gorar zoɓo cikin randa tun da azahar ta huta da sayen ƙanƙarar kasuwa, wadda ba a san irin ruwan da aka daskarar ba.

4.2 Kwaɗon Zogale

Bayan an jiƙa maƙoshi akan kawo wani abu marar nauyi. A bazara kwaɗo ya fi dacewa a kan ƙosai ko wani abin suya, domin ana cin sa da sanyi. Ɗanyen zogale yakan yi wuya a wannan lokaci sai a wurin masu lambu, don haka da yawa sukan yi amfani da busasshe. Akan tafasa ganyen har ya yi laushi, a tsane shi a matse sosai, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da gishiri da yaji, a yanka albasa da tumatir, a ɗiga man gyaɗa a cakuɗa. Ba a haɗawa sai baƙi sun zauna, don kuwa gishiri yakan sa tumatir ya saki ruwa kwaɗon ya yi caɓa-caɓa.

4.3 Masa da Miyar Taushe

Wannan shi ne uban tafiya, kuma a nan ne ake gane hannun mai girki. Tuwon dawa ko na masara abincin gida ne, kuma cikin zafi yakan yi wa mutum nauyi ya hana shi barci. Saboda haka a liyafar bazara an fi zaɓen masa, wadda wasu suke kira waina, ko sinasir, ko funkaso. Dukkansu kuwa miyar taushe ce abokiyar tafiyarsu.

Masar mutum 10 tana buƙatar shinkafar tuwo mudu 2. Akan ɗebi kamar gwangwanin madara 2 daga ciki a dafa ta yi luguf, sauran kuma a jiƙa ta na awa 5 ko 6. Sai a wanke jiƙaƙƙiyar, a haɗa ta da dafaffiyar bayan ta huce, a yanka albasa a kai niƙa. Amfanin dafaffiyar shinkafar shi ne ta sa cikin masar ya yi laushi. In aka manta da ita masar takan fito da tauri kamar ba ta nuna ba. Idan an dawo daga niƙa sai a sa yis cokali 2, a buga, a rufe a ajiye ƙullun ya tashi.

A nan ne bazara take yaudarar wadda ta saba da girkin hunturu. Ƙullun da yakan kwana kafin ya tashi a watan Janairu, a Afrilu cikin awa 2 zuwa 3 ya cika roba yana tumbatsa, domin yis ya fi aiki cikin ɗumi. In aka bar shi ya wuce haka sai ya yi tsami ya tsinke, masar ta riƙa shan mai tana kama tanda. Ke nan macen da za ta ciyar da baƙi bayan isha'i ba ta da dalilin sa yis kafin la'asar. Idan kuma aka yi rashin sa'a ƙullun ya zarce, akan gyara shi da ruwan kanwa kaɗan da sukari. A wannan wuri kanwa tana da amfani, saɓanin abin da aka faɗa game da zoɓo. Kafin suya akan sa gishiri da sukari, a sassauta ƙullun da ruwa har ya riƙa zuba daga ludayi ba tare da yankewa ba. Tandar ƙasa ta fi ta ƙarfe riƙe zafi daidai, kuma masarta ta fi ƙamshi. Akan ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu, idan gefen ya yi ja sai a juya da cokali.

Ita kuwa miyar taushe, akan fara ne da tafasa naman rago da ƙashi tare da albasa da daddawa da citta. Idan nama ya soma laushi sai a fere kabewa a yanka ta manya-manya a jefa a ciki. Bayan ta nuna a tsame ta a dame ta da ludayi, ko a daka a turmi, a mayar. Sa'annan a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir da man ja ko na gyaɗa, a bari ɗanyen ƙamshin kayan miyan ya fita. Daga nan sai a dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa gwangwani 2 a zuba, a rage wuta, a riƙa motsawa don gyaɗa tana da saurin kamu. Alayyafo da 'yar yakuwa su ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe su. Yakuwar ba don yawa ake sa ta ba, sai don ɗan tsaminta ya karya maiƙon gyaɗa.

Kabewa ba ta wuya a bazara, domin wadda aka girbe da kaka takan yi watanni a rumbu ba ta lalace ba. Tumatir ne abin lura. Na noman rani, irin wanda ake fitarwa daga Kadawa a Jihar Kano, yakan yi araha daga Janairu zuwa Maris, amma daga ƙarshen Afrilu sai ya soma ja da baya yana tsada. A shekarar 2016 ma tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa har ya gagari talaka. A irin wannan hali akan koma wa kauɗar tumatir, a jiƙa ta da ruwan zafi a markaɗa, kuma a taushe ba a cika gane bambancin ba tunda kabewa ce take ɗauke da miyar. Wani abin sha'awa shi ne, kabewa da gyaɗa da tumatir da barkono duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ta Yamma ba sai bayan shekarar 1500. Miyar da ake ɗauka ta kaka da kakanni ashe yawancin kayanta baƙi ne, daddawa da yakuwa ne 'yan gida.

Miyar gyaɗa ba ta yafe sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci fiye da awa 2 a zafin ɗaki, saboda ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a garin da zafin ɗakin kansa ya kusa digiri 40. Taushen da aka sauke da azahar aka rufe a kula, kafin isha'i takan soma kumfa. Baƙon da ya kwana yana zarya bayan gida ba zai faɗa wa maigida ba, amma labarin zai kai gidansu, in kuwa surukai ne to abin ya zama abin gori ga matar har tsawon zamanta. Don haka tsofaffi sukan bar tukunyar miya a kan garwashi har lokacin zubawa.

4.4 Nama

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, saboda haka naman da yake cikin miya bai wadatar ba, sai an kawo wani a kwano dabam. Farfesun kaza ko na zabo shi ya fi yawa. Akan wanke kaji 3, a ɗora su da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kimba da daddawa da attaruhu, ba a sa mai. Za a iya cewa romo mai yaji bai dace da zafi ba, amma yajin yakan sa zufa, zufar kuma in ta bushe jiki ya yi sanyi. Maigidan da yake da hali yakan aika a sayo balangu ko tsire a ƙara.

4.5 Fura da Nono

A gidan Bahaushe fura ce take rufe cin abinci, ita ce a matsayin kayan zaƙin da Turawa suke kawowa a ƙarshe. Akan surfa gero mudu 1, a wanke a baza ya sha iska, a daka shi da citta da kanumfari da masoro da barkono, a tankaɗe. Sai a yayyafa ruwa a cura manyan dunƙule, a jefa cikin tafasasshen ruwa su dahu kamar rabin awa. Daga nan a kirɓa su a turmi tun da zafi har su yi danƙo, a mulmula, a birkiɗa cikin garin gero don kada su manne.

Wahalar bazara ba a furar take ba, a nonon take. A wannan lokaci ciyawa ta ƙare, makiyaya da yawa sun yi kudu da shanunsu, waɗanda suka rage kuma ba su da nonon kirki. Saboda haka nonon kasuwa yakan yi tsada, wasu masu sayarwa kuma sukan ƙara masa ruwa su kaurara shi da garin 'ya'yan kuka. Uwargida mai dabara takan yi cinikin kindirmo tun kwana biyu kafin liyafa a wurin wadda ta saba da ita, ko kuma ta kwaɓa madarar gari da ruwan ɗumi ta sa cokali 2 na tsohon nono ta rufe, cikin zafin Afrilu kafin awa 6 ya kama. Akan dama furar a ƙwarya, a kawo sukari ko zuma a gefe domin dattawa da yawa ba su son zaƙi.

Tunda bazara ce lokacin mangwaro, akan yanka shi da kankana a faranti a ajiye kusa da ƙwaryar fura. Alkaki da nakiya da dubulan kayan garar aure ne, ba a cika fito da su a irin wannan zama ba sai in an yi biki a gidan kwanan nan. Bayan an ɗauke kwanuka yaro yakan zagaya da buta da tasa a wanke hannu, sa'annan maigida ya fito da goro a faifai, a fara miƙa wa wanda ya fi kowa shekaru. Abin da ya rage na masa da miya ba ya kwana, akan rarraba wa maƙwabta da almajirai a daren, domin taushen bazara ba ta kai safe balle a yi ɗumame da ita.