Ƙari a bakin bututun maɗaciya: yadda ake cire shi ba tare da tsaga ciki ba

Idan idon mutum ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, jikinsa ya riƙa ƙaiƙayi, a gidaje da dama abin da ake fara cewa shi ne shawara ce, a nemo sassaƙe a jiƙa. Sau da yawa ciwon hanta ne ke kawo ta. Amma akwai shawarar da babu jiƙon da ke maganinta, saboda hanyar ruwan maɗaciya ce ta toshe.

Ruwan ɗacin da hanta ke yi yana bin wani siririn bututu ya zuba a farkon ƙaramin hanji, kusa da tumbi. A daidai wannan ƙofa bututun yake haɗuwa da na pankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin da ruwan narka abinci. Likitoci na kiran wurin da sunan Abraham Vater, masanin sassan jiki ɗan ƙasar Jamus. Ƙofar ƴar ƙarama ce, shi ya sa ƙari ko bai girma ba yana iya toshe ta. Wani ƙarin ba kansa ba ne tun farko, amma idan aka bar shi yana iya rikiɗewa ya zama kansa.

A da, babu mafita sai babbar fiɗa. Wadda ta fi suna ita ce ta Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana ta a 1935: ana cire kan pankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da jakar maɗaciya, da wani ɓangare na bututun, sannan a sake ɗinke hanyoyin. Aiki ne na awoyi da yawa, jinyarsa kuma tana da nauyi.

A 1983 likitoci a Japan suka ba da rahoton cire irin wannan ƙari ta baki. Ana sa wa majinyaci maganin barci, a zura masa tiyo mai kyamara a gefensa, ya bi ta maƙogwaro da tumbi har ya kai ƙofar. Likita yana kallo a allo, ya zarga wa ƙarin madaukin waya, ya yanke shi da wutar lantarki, ya fito da shi a kai ɗakin gwaji. Galibi ana saka ɗan siririn bututun roba a hanyar pankiriyas don kada ta kumbure, daga baya a cire shi.

Sai dai ba kowane ƙari ne ake yi wa haka ba. Kafin aikin ana gutsuro ɗan naman a duba, a kuma yi hoton ciki don a ga zurfinsa. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin Turai masu wannan aiki ta fitar a 2021, an fi son wannan hanya ga ƙarin da bai zama kansa ba, bai kuma kutsa cikin bututun ba. Idan ya shige ciki fiye da milimita 20, ko ya tabbata kansa ce da ta yi jijiya, fiɗa ce ta dace.

Aikin yana da haɗarinsa. Kusan mutum 1 cikin 10 kan gamu da kumburin pankiriyas, kusan haka kuma kan yi zubar jini, wasu ƙalilan hanjinsu kan huje. Don haka ba a yin sa sai a asibitin da ke da ƙwararru da likitocin fiɗa a kusa. Ƙarin kuma yana iya dawowa: ƙa'idojin sun ce a sake duba wurin bayan wata 3, wata 6 da wata 12, sannan sau ɗaya kowace shekara har aƙalla shekara 5.

Ga iyalan da ke haɗa kuɗin jinya daga gida da waje, wannan na nufin lissafi bai ƙare ranar sallama ba, dole a tanadi na komawa. Wanda kuma shawara ta kama shi tare da rama da bayan gida fari-fari, musamman dattijo, gwajin jini da hoton ciki su ne matakin farko, tun ƙarin yana ƙarami.