Kunkuru Ya Ƙi Ci

Ba a jin kukan kunkuru. Akuya in yunwa ta kama ta, sai unguwa duka ta sani. Kaza takan bi mutum har ƙofar ɗaki. Shi kuwa sai ya nemi lungu, ya cusa kansa jikin katanga, ya janye wuya da ƙafafu, ya yi shiru kwana da kwanaki. Wannan shirun ne ke tayar da hankalin duk wanda ya kawo sabon kunkuru gida a ƙauyukanmu na bakin kogin Dinder, ko makiyayi ne ya tsinto masa a daji, ko a kasuwa ya saya wa yara. An ajiye masa tumatir, bai duba ba. An kawo guntun kisra da miya, ko sunsunawa bai yi ba. Daga nan sai uwar gida ta ce, "Malam, kunkurun nan fa ya ƙi ci, kada ya mutu a hannunmu mu ɗauki alhaki." Tsoron alhakin nan daidai ne. Abin takaicin shi ne, yawancin dabarun da ake yi don a ceto shi su ne ke ƙara rufe masa baki.

Wanda aka fi ajiyewa a gidaje shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi, mai tsinin ƙaho a bayan cinyoyinsa. A duk duniya kunkuru biyu kaɗai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma dukansu mazauna tsibiri ne. Ɗan da yau yake cika tafin hannun yaro, in ya rayu, namijinsa kan haura kilo 50, wasu ma su kusanci 100, kuma shekara 70 ba abin mamaki ba ce a gare shi. Mazauninsa wata siririyar ɗamara ce da ta ratsa Afirka daga Senegal da Mali, ta bi ta Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, ta shigo Sudan, ta dangana da Eritiriya da Habasha. Duk Bahaushen Sudan da ya ji wannan jeri ya san hanyar. Ita ce kakanni suka biyo da ƙafa, da niyyar Makka, wasu tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Mutanen da suka san ɗacin baƙunta a tarihinsu bai kamata halin sabon kunkuru ya ba su mamaki ba. An ce baƙo makahon gari ne, kuma wannan baƙon ba da son ransa ya zo ba.

Bahaushe ya daɗe da zama da kunkuru a tsakar gida. Akwai masu ajiye shi bisa imanin cewa yana kare gida daga sammu da mugun ido, akwai masu ganin tsawon ransa alamar albarka ce, shi ya sa ake samunsa a gidajen sarauta da na attajirai. Ba mu kaɗai ba ne. A fadar Ogbomosho ta ƙasar Yarabawa an yi wani kunkuru mai suna Alagba, wanda ya mutu a 2019, aka ce ya shekara 344, ko da yake masana dabbobi ba su yarda irinsa na kai haka ba. A tatsuniya kuwa, wayon da Yarabawa da Ibo suka ɗora wa kunkuru mu Gizo muka ba wa, muka bar kunkuru da karin magana: kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Mai wannan magana bai ga maza biyu sun haɗu a fili ɗaya ba. Sukan yi karo da gaban ƙirji, kowa na neman ya kifar da ɗan'uwansa, kuma wanda aka kifar a rana, in bai samu ya juyo ba, zafi ne zai kashe shi. Saboda haka wanda ya kawo guda biyu ya ga ɗaya na ci ɗaya na ɓuya, ya raba su tukuna. Sau da yawa ƙaramin tsoron babban ne ya hana shi kusantar abinci.

Amma babban dalilin ƙin ci, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne rashin ɗumi. Jikin kunkuru ba ya samar da zafin kansa kamar na akuya ko na mutum. Daga rana yake aro. Sai jikinsa ya ɗauki zafi, wajen digiri 30, sannan hanjinsa ke iya narkar da abin da ya ci, kuma ciyawar da ya haɗiya yau tana iya yin mako ɗaya ko fiye kafin ta fita. Kunkurun da aka ajiye a ɗaki mai siminti a watan Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin dare ke sauka a ƙasar Sinnar da Jazira, ba taurin kai ke hana shi ci ba. Cikinsa ne ya tsaya. A fito da shi hantsi ya sha rana, a bar masa inuwar da zai koma da ƙafarsa in ya ƙoshi, sau da yawa kafin azahar za a ga ya miƙa wuya yana tsinkar ciyawa. Ranar nan kuma ita ce ke ba jikinsa ikon ƙarfafa ƙashi. Ɗan kunkurun da ya tashi a duhun ɗaki bayansa kan yi laushi, kuma wannan ciwo ne mai kisa.

Zafi ma in ya wuce kima yana hana shi ci. A daji, in bazara ta tsananta daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai ya shige ramin da ya haƙa da ƙafafunsa na gaba, rami mai tsawon mita da yawa, inda ƙasa ke da sanyi da ɗan laima. A nan zai kwanta makonni, ba ci ba yawo, har sai hadari ya taso. Babban kunkuru mai lafiya ya saba da wannan azumi, don haka kwana biyar ko mako guda bai ci ba ba abin firgita ba ne. Jariri ne ba ya jurewa. A nan ƙasar Dinder tana da nata sharaɗi. Baƙar laka ce, mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina, ba irin jigawar da kunkuru ke son haƙawa ba. Ramin da ya yi a kwari cikin laka kan cika da ruwa daga Yuli zuwa Satumba, shi kuwa ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba. A zaɓa masa tudu a cikin gida, a zubo yashin kogi, a yi masa 'yar rumfa mai duhu ƙarƙashin aduwa ko magarya. Kunkurun da ba shi da wurin ɓuya hankalinsa ba ya kwanciya, wanda hankalinsa bai kwanta ba kuwa ba ya ci.

Sai ruwa, kuma shi ya kamata a fara ba shi tun kafin a yi zancen abinci. Kunkuru yana adana ruwa a mafitsararsa, shi ne guzurinsa na rani. In aka ɗaga shi sama ya tsorata, sai ya saki wannan ruwa gaba ɗaya. Yara kan yi dariya su ce ya yi fitsari, alhali tanadin watanni ne ya zube. Wanda aka ɗauko daga daji, aka sa a buhu, aka yi ta jijjiga shi a bayan mota har kasuwa, ya iso gida a bushe. A samo faranti mai faɗi, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, a zaunar da shi ciki minti 15 zuwa 20 kowace safiya, ana tsaye a kansa. Zai tsoma baki ya sha, sau da yawa kuma a nan zai yi kashi. Farin abin da ke fita tare da fitsarinsa ba ciwo ba ne muddin yana da laushi kamar kindirmo. In ya fito da tsakuwa-tsakuwa, ƙishirwa ta yi masa yawa.

Abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, irin su ƙiri-ƙiri da guɗe-guɗe da ke fitowa a bakin rafi. A haɗa masa da ganyen kabewa, da na kuɓewa, da lalo, da rama. Masu lambu a gaɓar Dinder da Rahad ba za su rasa waɗannan ba, sai dai a guji ganyen da aka yi wa feshin magani, a kuma nisanta shi da tumfafiya da zaƙami. Idonsa na son ja da rawaya, don haka ɗan yankan kankana ko furen kabewa a kan ciyawa kan jawo shi ya buɗe baki karon farko. Daga nan a janye zaƙin, domin yawan 'ya'yan itace na ɓata masa ciki. Tuwo da kisra da burodi da madara da nama ba nasa ba ne, ko da ya karɓa. Ɓawon ƙwai da aka daka aka barbaɗa a ganye yana maye masa gurbin tsoffin ƙasusuwan da yake gwaigwaya a daji. A ajiye abincin a ƙasa kusa da maɓoyarsa, a tashi a ba shi wuri. Kada a ɓare masa baki da cokali. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a nan kuma tana iya tura abinci cikin huhunsa.

Akwai al'ada ɗaya da nake roƙon a bari. Wasu kan huda gefen ƙoƙon bayansa su zura igiya don kada ya gudu. Ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya saka. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin zafin hudar sarai, kuma ƙwayar cuta na shiga ta nan. Katanga mai ƙarfi wadda gindinta ya nutse cikin ƙasa ita ce maganin gudu. Yara kuma a hana su hawansa da juya shi, a sa su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, domin kashinsa na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa zawo.

In an yi duk wannan har mako biyu bai ci ba, to ruwa ba ya tsami banza. Majina ko kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, idanu a kumbure ko a lotse, jiki ya yi sakayau in an ɗaga, tsutsa a kashi, kaska a hammata da gindin wutsiya, duk alamu ne na a nemi likitan dabbobi, a Sinja ko Sinnar in babu a kusa. Kada a ɗura masa maganin tsutsar awaki da ka. Ivermectin, wanda makiyaya ke yi wa dabbobinsu allura da shi, yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi.

Gandun dajin Dinder, wanda aka keɓe tun 1935 a kan iyakar Habasha, an kafa shi ne don a bar wa namun daji inda za su tsira, amma kunkurun Sahel yawancinsa a wajen irin waɗannan gandaye yake, inda gonakin dawa da riɗi na taraktoci, da gobarar daji, da yawan kiwo suka cinye masa ciyawa da wurin rami. Ga kuma masu kamawa su sayar. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa kasuwannin waje, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Macen sai ta haura shekara 10 kafin ta fara ƙwai, kuma cikin ƙwai 15 zuwa 30 da take binnewa kaɗan ne ke tsira daga dila da tsari da tsuntsaye. Ɗauke babbar mace ɗaya daga daji ɓarnar shekaru ce. Wanda aka tsinto masa kunkuru kwanan nan, aka kuma san inda aka ɗauko shi, ya shayar da shi ruwa ya mayar da shi daidai wurin, kusa da raminsa, da sanyin safiya. Wanda ya daɗe a gida cikin kaji da awaki, ko yake da majina, kada a sake shi, domin zai kai wa na daji cutar da ya ɗauka.