Gaskiya ko Jita-jita: Wace Manhajar Gyaran Hoto ce ta Dace da Ɗan Shanono?

Daga cikin garin Shanono zuwa Faruruwa, Kokiya da Alajawa, da wuya a rasa matashin da aka sani da ɗaukar hoto don sha'awa. Shi ake nema ranar ɗaurin aure, shi ke bin dawakai da sallah, da kaka kuma a gan shi a bakin gona yana ɗaukar damman gero. Kyamararsa dai ita ce Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunsa. In irinsu suka haɗu a shagon caji, ba a daɗewa musu ya ɓarke kan manhajar da ta fi gyara hoto, kowa na faɗin abin da ya ji a bakin wani. Ga wasu daga cikin maganganun da ake yawan yi, mu auna su.

“In ba Photoshop kake amfani da ita ba, wasa kake yi.”

Jita-jita ce. Babu mai musun ƙarfin Photoshop. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990, har sunanta ya zama sunan gyaran hoto baki ɗaya. Amma aikinta na masu haɗe-haɗe ne: a yanko mutum daga wannan hoto a dasa shi a wancan, a jera rubutu da launi, irin fastar finafinan Kannywood ko ta 'yan takara. Cikakkiyarta tana son kwamfuta mai ƙarfi da wuta mai tsayawa, kuma tun 2013 Adobe ba ya sayar da sababbin fitowarta a biya sau ɗaya, sai dai haya, wata-wata ko shekara-shekara. Abin da mai ɗaukar hoto don sha'awa yake buƙata bai kai nan ba: ya daidaita haske, ya gyara launi, ya miƙar da hoton da ya karkace, ya datse gefe, ya goge wata leda da ta shigo ba a gayyace ta ba. Shi kansa Adobe ya gane haka, shi ya sa a 2007 ya fito da Lightroom domin masu ɗaukar hoto zalla.

“Araha ba ta ado, manhajar kyauta ba ta aiki.”

Karin maganar tana da gaskiya a kasuwar atamfa, amma a nan ta kuskure. Snapseed kyauta ce, ba talla a cikinta, ba ta buga tambarinta a kan hoto, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara neman data. Kamfanin Nik Software ne ya fito da ita a 2011, Google ya saye shi a 2012. Tana da abin da suka sa wa suna Selective, wanda ke ba ka damar haskaka fuskar mutum kaɗai ba tare da ka taɓa rigarsa ba, da Healing mai goge ƙananan tarkace. Ga wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, wannan kaɗai ya isa hujja. Mai kwamfuta kuwa yana da GIMP, wadda ɗalibai biyu suka fara a jami'ar Berkeley a 1995, har yau ba a biyan ko kwabo.

Sai dai kyautar ma iri-iri ce. Lightroom ta waya tana ba da gyaran haske da launi ba kuɗi, ta kulle wasu kayan aikin sai an biya. Wasu manhajojin kuma kowane taɓi sai sun nuna maka talla, tallar nan da datarka take tafiya. Akwai masu cewa a gwada na kwana kaɗan kyauta bayan sun karɓi lambar kati, ranar da wa'adi ya cika su fara zarar kuɗi shiru.

“Remini tana dawo da hoton da ya dushe.”

Wannan ita ce maganar da ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi buƙatar a tsaya a kanta. A ido kamar gaskiya ce: a ɗauko tsohon fasfo na marigayi kaka wanda damina da gara suka ci, a saka, cikin daƙiƙu fuska ta fito tar, har ana ƙirga gashin gira. Amma abin da ya ɓace daga hoto ya ɓace. Manhajar, mallakar kamfanin Bending Spoons na Italiya, tana aiki ne da ƙirƙirarriyar basira da aka horar da ɗimbin fuskokin mutane. In ta tarar da wurin da ya dushe, sai ta zana abin da take zaton ya kamata ya kasance a wurin. Idon da ka gani na kirdado ne, haƙoran ma haka. Shi ya sa wani lokaci a gida za a karɓi wayar a duba, a ce ya yi kyau, amma ba Malam ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne tsagar gado. Irin waɗannan manhajoji sukan ɗauki bille ko zanen kunci a matsayin tabo, su shafe shi ko su dagula shi, alhali a fuskar dattijon ƙasar Hausa wannan zanen shi ke faɗin gidan da ya fito.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ba a cikin wayarka ake gyaran ba. Hoton tafiya yake yi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, a sarrafa shi a dawo maka da shi, dalilin da ya sa ba ta aiki in ba data ke nan. Wanda aka amince masa ya shiga cikin gida ya ɗauki hoton amarya da ƙawayenta ranar kamu, ya kamata ya san haka kafin ya danna. Hukunci: tana ƙawata hoto, ba ta dawo da shi. In an yi amfani da ita, a ajiye na asalin kusa da shi.

“Ɗauka kawai, a gyara daga baya.”

Rabi da rabi. Hazon hunturu da ke sa hoto ya yi fari-fari ana iya rage shi sosai, Lightroom ma tana da maɓalli na musamman don haka. Hoton da ya ɗan yi duhu shi ma yana tasowa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne farin da ya ƙone. Yawancin wayoyi suna ajiye hoto ne a tsarin JPEG, inda kowane launi ke da matakai 256 kacal daga duhu zuwa haske. Farar shadda a tsakar rana takan wuce matakin ƙarshe, sai aikin da ke wuyan rigar ya narke ya zama fari fat, kuma babu manhajar da za ta fito da zaren da kyamara ba ta kama ba. Maganin yana wurin ɗauka: a ja ango inuwar darbejiya, a taɓa fuskarsa a kan allon waya, a ɗan sauke haske. Da hantsi ko bayan la'asar rana ta fi sauƙin kai. A riƙa goge gilashin kyamara da gefen riga, domin ƙura da maiƙon yatsa sun ɓata hotuna fiye da kowace manhaja.

A nan ne kuma batun fata ke shigowa. An daɗe ana zaton hoto mai kyau shi ne wanda mutum ya fito fari. Tarihin abin ya girmi waya: shekaru da dama masu wanke fim ɗin Kodak suna saita launi da katin hoton wata baturiya, baƙar fata ta riƙa fitowa dunɗum. Transsion, kamfanin Sin mai Tecno, Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne har da saita kyamararsa don ta kama baƙar fata da kyau. Abin takaici ne a samu wayar da ta iya wannan, sannan a kunna mata filtar da ke yi wa mutum bilicin har maƙwabta su kasa gane shi.

“Manhajar ce ta rage wa hoton ƙarfi.”

Galibi ba ita ba ce. WhatsApp ke matse hoto don ya yi saurin tafiya, kuma duk wanda ya ɗauke shi daga allo ya sake turawa ya ƙara rage shi. Tun 2023 akwai zaɓin HD, amma hanyar da ta fi ita ce a tura hoton a matsayin fayil, ya isa yadda yake. Batun megafiksel ma an cika zuzuta shi. Hoton da za a wanke mai inci 5 da 7 bai buƙaci fiye da megafiksel 3 da ɗoriya ba, wayar da aka rubuta wa 50 kuwa yawanci haɗe ɗigo huɗu-huɗu take yi ta ba ka kusan 12.

“A karɓi manhajar da aka fasa ta hanyar Xender, komai a buɗe.”

Gaskiya ne takan yi aiki. Amma wanda ya fasa ta ba ka san shi ba, ba ka kuma san abin da ya cusa a ciki ba, ga shi a wayar nan asusunka na banki yake, nan lambobin sirri ke shigowa. Bai kai ba.

Ga mai ɗaukar hoto a Shanono da waya, ga ƙarancin data ga kuɗin caji, Snapseed ce farko. In wayar na da sarari, a ƙara da Lightroom ta kyauta saboda launi da hazo. Katin gayyata da rubutu a kan hoto aikin PixelLab ko Canva ne. Photoshop ta jira ranar da sha'awa ta zama sana'a, aka buɗe shago aka sa sola. Kowacce ka zaɓa, ɗan'uwa, kada ka goge hoton asali bayan ka gyara. Ka kwafe shi a mamori ko wata wayar tun kafin taka ta faɗa ruwa.